Mai Famfo da Tafkin da Bai Gani Ba

A shekarun da ake magana a kansu, unguwar ba ta da faɗi. Katangar masaƙa ce ta tokare ta daga gabas, layin dogo ya yanke ta daga yamma, gidajen kuma sun matsu da juna har idan mutum ya yi tari a ɗakinsa maƙwabci kan ce masa sannu. Titi ɗaya ne mai kwalta, shi ma yashi ya cinye gefensa. Babura ba su yi yawa ba tukuna. Keke ne abin hawan ma'aikaci da ɗan kasuwa, kuma da safe idan masaƙa ta busa jiniya, ƙarar ƙararrawa ce ke cika titin. Daga ƙarshensa hanya ke fita, ta ratsa gonaki, ta hau wani dogon tudu, ta gangara bakin wani tafki da mutanen unguwar ke yawan ambato, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa zuwa.

Tsakanin kantin magani da ɗakin mai gyaran rediyo akwai wani shagon aski da faɗinsa bai wuce mutum ya buɗe hannuwansa ba. Kujera ɗaya, benci ɗaya, madubin da tsatsa ta ci gefensa, babu taga. Mai shagon ya gaje shi ne daga kawunsa tun yana saurayi, kuma tun daga lokacin wuninsa ya zama tsayuwa a bayan mutane, da almakashi a hannu. Da farko Mai Aski ake ce masa. Sunan da ya bi shi daga baya, har 'ya'yansa ma aka riƙa kiran su da shi, shi ne Mai Famfo.

Asalin sunan yana komawa ga ƙungiyar mahaya keke da wani tsohon hedimasta ya kafa bayan ya ajiye aiki. Manufarta ba tsere ba ce. A ranar hutun mako ake haɗuwa da safe, a fita a jere ana hira, a je bakin tafki a huta, a ɗauki hoto, a dawo kafin rana ta yi zafi. Mai Aski na cikin waɗanda suka fara shiga, kuma dalilinsa ba ɓoyayye ba ne: yana son ya ga wuri mai faɗi, inda ido zai yi tafiya bai ci karo da bango ba.

A fita ta farko aka yi kuskuren da ya zame masa ƙaddara. Tayar Mai Kemis, wato mai kantin maganin nan, ta sace a tsakiyar gonaki, 'yan gaba ba su sani ba. Mai Aski ne kaɗai ya taho da famfon hura taya, kuma shi ne ya waiwaya ya hango mutum tsaye. Ya koma, suka yi ta fama da tayar, ta ƙi riƙe iska, ya rako shi gida a ƙasa suna tura kekunansu. Da aka dawo aka ji labari, Hedimasta ya ji kunya ƙwarai, kuma a taron da ya biyo baya ya kafa doka. Famfo zai riƙa zama a bayan ayari. Wanda yake riƙe da shi ba ya wuce kowa, kuma duk wanda ya gaza, shi zai mayar da shi har ƙofar gida. Sai ya ƙara wani sharaɗi da kowa ya yaba a lokacin: ba a miƙa wa mutum famfo, sai dai mutum ya nema da bakinsa. Ya ce yin haka zai hana wanda ya gaji ya jibga wa ɗan'uwansa nauyi. Aka tafa, Mai Aski ma ya tafa. Babu wanda ya lura cewa dokar ta yi ƙofar shiga, ba ta yi ta fita ba.

Waɗanda suka yi zamani da ƙungiyar sun yi saɓani kan abubuwa da dama, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: ba a taɓa yin fitar da kowa ya kai lafiya ba. Yau sarƙar wani ta tsinke, wani makon birki ya kama, wani makon sabon shiga ya cika baki a gida amma ya kasa a gindin tudu. Kowane lokaci Mai Famfo zai sauka, ya ɗaura abin da zai ɗauru, in abin ya faskara ya juya da mutum. Ya san kowace bishiya da ke wancan gefen hanyar, gefen dawowa. Tudun kuwa ya san rabinsa.

Abin da ya ƙara matse shi shi ne allon labarai. Sakataren ƙungiya, wani akawu mai son tsari, ya ga babu inda maza ke taruwa kamar shagon aski, sai ya kafa allon a bangon da ke fuskantar madubi. Kowane mako yakan manna labarin fitar da aka yi, da sanarwar ta gaba, da hoton da aka ɗauka a bakin ruwa. Labarin kan ƙare da jimla iri ɗaya, suna kawai ke canzawa: Mai Famfo ya mayar da wane gida lafiya. Saboda haka duk inda ya juya a cikin shagon yana ganin tafkin, in ba a bango ba to a madubi, da mutane a jere suna dariya da kekunansu. Babu hoto ko ɗaya da yake ciki.

Masu zuwa aski ba su da wata hira sai ta tafkin.

"Kai, Mai Famfo, da ka ga tsuntsayen jiya," in ji Dogo, wani leburan masaƙa da ke jan gaba a kowace fita. "Farare fat, sun rufe ruwan kamar an shanya wanki."

"Daina motsa kai, kada in cire maka kunne."

"Cire, ai ɗaya ya ishe ni jin surutun Sakatare. Amma fa iskar wurin, wallahi kamar ka ɗebo ta a jarka ka kawo gida."

"To me ya hana ka ɗebo min?"

Aka yi dariya a benci, shi ma ya yi, ya kakkaɓe ƙyallen wuya da ƙarfin da ya ɗan wuce kima.

Matarsa ce kaɗai ta san abin da ke ransa, kuma ba mace ba ce mai kwana-kwana.

"Baban yara, ni abin naka mamaki yake ba ni," ta ce da shi wata rana yana shafa wa gwiwarsa man zafi. "Duk mako kana kallon ƙeyar mutane a shago, ranar hutu ma ka hau keke ka bi ƙeyarsu. Ƙeyar ce ba ta ishe ka ba?"

"Ke dai bari."

"Ba zan bari ba. Rufe shagon nan rana ɗaya, ka tafi kai kaɗai ka ga ruwan, ka dawo mu huta."

"In don ruwa ne ai ga shi nan a randa," ya ce. "Tare da su nake so in isa. In sauka a kan keke, a ce matsa nan, kai gajere ne, shigo gaba."

Ba ta taɓa jin ya faɗe shi a fili haka ba.

Gwiwar kuwa ba wasa take yi ba. Tsayuwar shekaru ta cinye ta, kuma Mai Kemis, da ya matsa ta ya ji yadda take ƙara, ya gaya masa gaskiya cewa hawan tudu ba zai daɗe yana yiwuwa gare shi ba. Daga nan Mai Famfo ya shiga dabara, tun da doka ta hana shi miƙawa. Wata safiya ya yi kamar ya manta famfon a kan benci. Ba a kai ƙarshen titi ba sai ga Dogo ya taka da gudu ya kawo masa, yana haki yana cewa, "Yaya, yau ka so ka kashe mu, ka bar ranmu a shago." Wani lokaci kuma yana yi wa Sakatare gyaran fuska ya ce bayan ayari fa akwai daɗi, babu gaggawa, mutum na tafiya yana tunani. Sakatare ya ce, "Shi ya sa ba ma yi maka shisshigi. Wa zai raba ka da abin da kake so?"

Da dabara ta ƙare, ya yanke shawarar ya yi magana a taron shekara, wanda ake yi a farfajiyar gidan Hedimasta. Ya kwana biyu yana shirya kalmominsa, matarsa ta goge masa riga. Da aka zauna ya ɗaga hannu, Hedimasta ya ce ya dakata tukuna, akwai sanarwa. Sakatare ya miƙe ya karanta cewa ƙungiya ta duba irin hidimar da wannan bawan Allah ya yi, ba ƙorafi ba gajiya, ta ga babu abin da ya dace da shi sai a tabbatar masa da matsayinsa muddin ransa. Aka fito da sabon famfo mai ƙyalli, an zana sunansa a jiki. Mai Kemis har da share hawaye. Aka yi ta tafi.

"To, ɗazu ka ɗaga hannu," in ji Hedimasta. "Muna jin ka."

Mai Famfo ya dubi fuskokin da ya sani tun daga goshi har haɓa, duk suna murmushi, babu mai nufin sa da sharri ko ɗaya.

"Godiya ce kawai, ranka ya daɗe," ya ce.

A gida matarsa ta karɓi famfon, ta juya shi, ta ce, "Yana da kyau. Ko sarƙa ma in za a ɗaura wa mutum, gara mai ƙyalli."

Ranar da ya fi kusa ta zo ne bayan damina. An fita da safe, iska na kaɗawa, kuma abin da bai taɓa faruwa ba ya faru: aka wuce gonaki babu wanda ya tsaya. Aka kama tudu. Ya wuce dutsen da ya saba juyawa a wajensa, ya shiga hanyar da bai taɓa takawa ba. Gwiwar na sukar sa amma bai kula ba. Ya fara jin sanyi a fuska da wani ƙamshi na laka da ciyawa, ya kuma ji 'yan gaba sun soma kaɗa ƙararrawa, al'adarsu idan suka hango ruwa. Abin da ya rage bai wuce wata 'yar kwana ba.

Sai keken da ke gabansa ya fara layi. Hedimasta ne, wanda tsufa ya riga ya kama amma ya ƙi yarda. Ya sauka da ƙyar, ya zauna a gefen hanya yana numfashi sama-sama. Mai Famfo ya taka birki, ya sauka, ya ba shi ruwa. Yana riƙe da gorar amma idonsa na kan kwanar, kuma dattijon ya ga inda idon yake. Ya daɗe yana kallon sa.

"Kai," in ji Hedimasta a hankali, "ashe ba ka taɓa zuwa ba?"

"Ban taɓa ba, ranka ya daɗe."

"Duk shekarun nan? Me ya hana ka faɗa?"

"Ba a miƙawa. Kai ka ce."

Hedimasta ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya miƙa hannu. "To na nema. Ba ni famfon. Da bakina na nema, ka ji ko? Hau ka tafi, ba su ɗauki hoton ba tukuna."

Mai Famfo ya kwance shi daga jikin keke ya ba shi. Ya hau, ya taka. Keken ya yi masa wani irin sauƙi da bai saba ba. Amma kafin ya kai kwanar wuyansa ya yi abin da ya saba yi shekara da shekaru, ya waiwaya. Ya hango dattijo zaune shi kaɗai a bakin hanya, famfo a kan cinyarsa, kansa ya langaɓe gefe, kuma babu kowa a bayansa, domin babu mai zama a baya sai shi Mai Famfo. Ya tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Ƙararrawa na ta ƙara a can. Ya juya keken.

Shi ya tura kekunan biyu har gida, Hedimasta na dafe da kafaɗarsa. A allon wancan makon Sakatare ya rubuta cewa Mai Famfo ya mayar da Hedimasta gida lafiya, ya manna hoton a sama.

Hedimasta bai sake hawa keke ba, kuma bai daɗe ba ya rasu. Iyalinsa suka aiko da famfon zuwa shagon aski, tun da sunan mai shagon ne a jiki. Mai Famfo ya gaya wa ƙungiya abin da ya gudana a kan tudu, amma babu shaida, kuma aka kasu biyu: wasu na cewa neman da marigayin ya yi ya sauke nauyin, wasu na cewa tabbatarwar da aka yi a taro ta fi ƙarfi. Aka ɗage maganar zuwa wani zama, zaman bai yiwu ba.

Har yanzu ƙungiyar na fita, ko da yake mahayanta sun ragu. Ba a yanke hukunci kan famfon ba, babu kuma wanda ya nema. Mai Famfo na nan a bayan ayari a ranakun da gwiwarsa ta bar shi, bai kai bakin tafkin ba, kuma babu hotonsa a allon.