Turakun da Na Kafa a Hanyar Iyaka

A shekarun da kuɗin man fetur suka malalo, aka turo ni koyarwa wata firamare a Magama, dab da iyakar Nijar. Ina saurayi, akwatina cike da ƙananan littattafan soyayya na kasuwa, waɗanda a cikinsu malami yakan zo ƙauye ya buɗe wa mutane ido, a ƙarshe kowa ya yi kuka ranar tafiyarsa. Na ɗauka haka tawa za ta kasance.

A ƙasan akwatin akwai wani tsohon littafi a kan taurari. Daga shi na san cewa Zahra da Mushtari duniyoyi ne kamar tamu, suna kewaya rana. Na zana a allo, yara suka yi ta hamma. Sai dabara ta faɗo mini. Na kife randa a ƙofar makaranta na ce ita ce rana. Muka ƙirga taku tamanin da 'yan kai a bakin hanya, na ajiye ƙwayar dawa na ce ga duniyarmu, da Katsina da Maraɗi da Makka duk a kanta. Wata yarinya ta tsuguna ta daɗe tana kallon ƙwayar. Ranar ban iya cin abinci ba don murna.

Kaji suka cinye duniya kafin la'asar. Don haka na sassaƙa turaku, ɗaya ga kowace duniya, na shafa musu farar ƙasa, na rubuta lamba a jikin kowanne. Kowace Alhamis mukan fita da igiya da littafin rubutu, mu auna, mu kafa ɗaya. Bisa lissafina, na tara zai faɗa bayan shingen kwastan, har na fara shirya abin da zan gaya wa jandarmomin Nijar masu tsaron iyaka.

Tun daga turke na huɗu manya suka fara bin mu. Masu shayi suka daina karɓar kuɗina. Wani dillali ya aiko mini da zabi biyu. Na rubuta wa wani abokina wasiƙa cewa mutanen iyaka suna da ƙishin sanin sama.

Ban san abin da ake faɗa a kasuwa ba. Lokacin ko'ina ana fasa hanyoyi, kuma kowa ya ji labarin ƙauyukan da masu safiyo, wato masu awon hanya, suka kafa wa fararen turaku, gwamnati ta biya diyya mai tsoka ga duk wanda gininsa ya faɗa a layi. Ga ni da wando da igiya da littafi. Wa zai yarda wasan yara ne?

Turke na shida, na Zuhal, ya faɗa a gefen gonar wani dattijo. Bayan mako biyu na ga an tayar da ɗakuna biyu a wurin, har da rufin kwano. Ya tare ni yana murmushi.

"Malam, sannu da aiki. Yaushe za su zo?"

"Su wa, Baba?"

"Masu biya mana. Kada ka ɓoye mani, ɗana. Bijimina na noma na saida na yi wanga gini."

Na fara yi masa bayanin randa da ƙwayar dawa, da wata duniya mai zobe a wuya. Ya saurare ni har na gama.

"Tauraro?" ya ce. "A gonata?"

"Misali ne, Baba, don yara su gane nisa."

"To ita hanyar, ta ina za ta bi?"

"Babu hanya."

Ya dubi kwanon yana ƙyalli a rana. Bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa ya yi, "Kai da ka yi boko, da ka ga muna bin ka, ba ka tambaye mu mi muke bi ba?"

Ban taɓa tambaya ba, don na riga na rubuta wa kaina labarin, kuma yana yi mini daɗi.

Washegari iyaye suka cika ofishin hedimasta. Ya sa aka tumɓuke turakun, ya ce in tsaya ga lissafi da rubutu in ina son aikina. Yaran suka koma kirana Malam Safiyo a bayan idona. Masu shayi suka tuna da kuɗinsu.

Damina ta sauka. Dattijon ya yi huɗa da hannu, shi da matarsa, rabin gonar kawai suka iya. Na je da albashina a ambulan, ya ƙi karɓa, ya ce shi ba gwamnati ya gani a gabansa ba, yaro ya gani. Na ba shi shawarar ya sa ɗakunan haya, ya ce wa zai kwana a bakin gona alhali tireloli a tasha suke tsayawa.

Shekara uku na ƙara a garin. Duk lokacin da zan je Jibiya, ta bayan kasuwa nake zagayawa don kada in bi ta gaban ɗakunan nan, ko da ruwa ake yi.