Fartanyar Delmer Gaddis

Delmer Gaddis ya yi shekara tamanin da shida a duniya, kuma ban taɓa jin ya yabi wani abu na Hoyt Tarpley ba, ko da kare ne. Taubasai ne, uwar Delmer ƙanwar uban Hoyt ce. A coci ɗaya suka tashi, maƙabarta ɗaya kuma ke jiransu a kan tudun da ke kallon rafi, nan arewacin jihar Jojiya ta Amurka.

Abin ya girme su duka. A 1832 gwamnati ta raba wa Turawa ƙasar ƙabilar Cherokee da ƙuri'a, masu ita suna zaune a kai. Kakan kakan Delmer ya ciro fadama, baƙar ƙasa mai laushi a bakin rafi. Na Hoyt ya ciro tudu, jar ƙasa da tsakuwa. Fiye da shekara ɗari su Gaddis ne manya. Masararsu ta fi tsayi, alfadarinsu ya fi ƙiba, titin da ya ratsa wurin ma Hanyar Gaddis ake ce masa. Delmer ya girma da sunan nan a bakinsa kamar alewa. Burinsa ɗaya ne tak: in an ambaci wurin nan, a ambaci Gaddis.

Sai arziki ya fara hawa tudu. Ƙwaro ya cinye auduga, kowa ya koma kiwon kaji, ɗakunan kaji kuwa busasshen wuri suke so. Hoyt ya gina huɗu. Delmer ya gina ɗaya, ambaliya ta tafi da shi har da kajin. A shekarar ce Hoyt ya zo coci da sabuwar akori-kura ja.

"Ja?" in ji Delmer. "Gobara ake yi ne?"

"Hau in kai ka gida, mutumin fadama, kar kwaɗi su cinye maka abinci."

Delmer ya tafi a ƙasa, mil biyu, da takalmin coci.

Da muka tsufa, birnin Atlanta ya miƙo hannu har wajenmu. Masu gini suka leƙa fadamar Delmer suka ce ruwa na kwanciya, ba ta ginuwa. Suka sayi tudun Hoyt kakaf. Inda kaji suka yi cara sai ga gidaje iri ɗaya a jere, da babbar ƙofar dutse mai sunan Tarpley da haruffan ƙarfe. Aka faɗaɗa Hanyar Gaddis, aka cire sunan aka ba ta lamba. Hoyt ya koma jihar Fulorida. Delmer kan yi zagayen mil biyar don kar ya wuce ta gaban ƙofar nan.

Maƙabartar ce kawai ta saura a tsakiyar unguwar, an kewaye ta da shinge. Masu unguwa suka shimfiɗe ta da koriyar ciyawa, irin wadda ake kawowa a naɗe kamar tabarma.

A wurinmu ciyawa a kan kabari abin kunya ne. Duk watan Mayu akan kankare maƙabarta da fartanya ranar Asabar, a tula ƙasa a kan kowane kabari, a share. Lahadi dangi su zo da furanni, a yi waƙa, a ci abinci a ƙarƙashin bishiyoyi. Kabarin da ya yi kore, mai shi ba shi da kowa ke nan.

Ran Asabar ɗin kankara ta shekarar na sami Delmer a can, gumi ya jiƙe masa riga. Ya kankare kaburburan Gaddis goma sha ɗaya, sun fito jajaye tas kamar an wanke su. A daidai inda na Tarpley suka fara ya tsaya, ko tsinke bai cire ba.

"Gobe kowa zai ga wanda ya sayar da matattunsa," ya ce.

Muna nan sai wata mata daga sababbin gidajen ta tsaya a bakin shinge da ƙaramin karenta.

"Wayyo, Baba, waɗannan ba su da kowa ne? Dubi na wancan gefen, kore shar, an kula da su. In kana so mijina ya kawo maka irin ciyawa."

Delmer ya jingine fartanya. Ya zauna a kan dutsen kabarin ubansa. A duk unguwar babu mai iya karanta abin da ya wuni yana rubutawa a ƙasa.

Mutum ɗaya ya iya. Ran Lahadi 'yar Hoyt ta kawo uban nata, yana dogara sanda. Ya daɗe tsaye a kan kabarin uwarsa, sannan ya juya ya dubi jar ƙasar su Gaddis.

"Wa ya bar ciyawa a kan Inna?"

"Waɗanda suka rataya sunanka a ƙofa."

"Ara mini fartanyarka, Delmer."

"Yau Lahadi, ɗan tudu. Ba a aiki."

Hoyt ya ajiye sanda, ya durƙusa da rigar coci, ya shiga tuge ciyawar da hannu. Delmer ya koma teburin abinci ya ci cinyar kaza uku da burodin masara, fuskarsa na sheƙi. Tun da aka haife su, ranar ce ya ga Hoyt yana kallon abin Gaddis da irin idon da shi ya saba kallon na Tarpley.

Da sanyin shekarar ya shigo Hoyt ya rasu, aka kawo shi tudu. Ya bar wa 'yarsa saƙo: kar kowa ya taɓa kabarinsa sai Delmer. Shekara huɗu Delmer yana kankare shi, yana mita.

"Dubi dutse, don Allah. Sai ka ce gwamna aka binne."

Na gan shi yana auna dutsen da ƙotar fartanya. Sati na zagayowa ya je wajen mai sassaƙa ya sa a yi masa nasa, ya ɗara na Hoyt da taƙi ɗaya, aka kafa shi jikin shinge yana kallon titi.

Yanzu Delmer ma ya kwanta, ciyawa ta rufe su duka biyun. Amma in ka wuce a mota, sunan da ke leƙowa ta saman shingen na Gaddis ne.