Kansila Zai Zo, Ammu Sale Ba Ya Nan

Da safen nan ina buɗe shago aka kira ni, Ammu Sale ya rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun ɗazu nake zaune gaban keken ɗinki, na kasa komai.

Ga waɗanda ba su san shi ba, direba ne, maƙwabcina a Ka'akiyya. A nan Makka aka haife shi, bai taɓa jefa ƙuri'a ba a rayuwarsa. Amma duk Asabar sai ya faka mota, ya ɗaga gilashi, ya kira ƙaramin gidan rediyon garin mahaifinsa can Najeriya. Maganarsa ɗaya ce: ku karɓi katin zaɓe, wanda kuka zaɓa kuma ku tambaye shi aiki.

Ni kam tsokanarsa nake yi. "Kai da ko rumfar zaɓe ba ka taɓa gani ba?"

Sai ya ce, "Shi ya sa mai ita yake ba ni haushi in ya ƙi zuwa."

Lokacin da ƙafata ta kumbura, shi ke kai yarana makaranta, ya dawo mini da burodi mai zafi.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ɗakin haihuwa na garin, da aka bari babu rufi. Ya daɗe yana neman kansilansu ya zo rediyo ya yi bayani, shi kuwa yana ta zillewa. Sai yanzu ya yarda zai zo, Asabar ɗin nan.

Shekaranjiya Ammu Sale ya biyo shagona yana tari. Ya ce, "Isa, wallahi ana ta'aban, na gaji. In muryata ta ƙi, kai za ka kira. Kar ka zagi kansilan. Ka ce masa yaushe za a yi rufin, halas, shi ke nan."

Na ce masa ni tela ne, ya bar ni. Dariya kawai ya yi.

Ni ma na gaji, jama'a. Na gaji da binne mutanen kirki. Hausata ma rabi Larabci ce. Amma mai gabatar da shirin ya turo saƙo yana kuka, na ce masa ya bar layin a buɗe.

Allah Ya jiƙan Ammu Sale, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a.

Mutanen garin kuma, ranar Asabar ku kunna rediyo. Za ku ji wata murya tana rawa. Ni ne, zan tambaya yaushe.