Ranar da Surukina Ya Tura Motata

Motar ta girmi aurena, da na duba takardunta ma sai na ga saura kaɗan ta girmi matata. A Jega na saye ta, hannun wani mahauci, shi kuma ya saya hannun wani direban tasha, wanda ya rantse cewa wata tsohuwar Baturiya ce ta hau ta, kuma daga gida sai coci take zuwa da ita. Duk tsohuwar motar da ke ƙasar nan, tsohuwar Baturiyar nan ce ta hau ta. Ban san cocin da take zuwa ba, amma dai hanyarsa akwai ramuka.

Ni malamin firamare ne, ina ɗan taɓa noman albasa da rani. Shekarar da albasa ta yi daraja, kowa ya yi abin hankali da rabonsa, wasu suka yi rufin kwano, wasu suka ƙara fadama. Surukina da ke Gumbin Kure ya aiko ta bakin matata cewa in sayi shanun huɗa guda biyu. Na ji haushin saƙon ƙwarai. Ina da takardar shaidar malanta, a ce shawarar da za a ba ni ba ta wuce ta shanu ba? A satin na sayo motar.

Matata ita ce 'yar fari a gidansu, saboda haka iyayenta ko sunanta ba sa kamawa, balle nawa. Shekara goma sha huɗu ina zuwa gidan, ban taɓa cin ko gyaɗa a gaban tsohon ba, ban taɓa ɗaga murya inda yake ba. Inna kuwa, surukata, ba ta taɓa yi mini magana kai tsaye ba. In na durƙusa gaisuwa sai ta dubi bango ta ce a gaida mutanen Jega, ni ma in amsa wa bangon.

Ranar da na kai motar don a sa albarka, tsohon ya fito ya zagaya ta sau biyu, hannuwansa a baya, kamar mai taya bijimi a kasuwar shanu. Ya leƙa ƙarƙashinta, inda baƙin mai ya riga ya fara ɗiga a ƙofar gidansa.

"Wagga mi taka ci?"

"Hetur, Baba."

"Tana haihuwa?"

Na sunkuyar da kai, ya ƙara da cewa:

"To. Allah shi sa a sauka lahiya."

Na buɗe masa ƙofar gaba, ya yi kamar bai gani ba, ya koma kan tabarmarsa. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina buri guda: sai tsohon nan ya zauna a kujerar gaba, na kai shi inda za shi na dawo da shi, ya ce da bakinsa na yi dabara. Wannan burin ne ya hana ni sayar da ita duk lokacin da hankali ya ce in sayar.

Bakanikena yana bayan tasha, ƙarƙashin wata darbejiya. Mutum ne mai fara'a, wanda bai taɓa ganin babbar matsala ba a rayuwarsa. Ko injin ka kawo masa a buhu, zai kara kunne ya ce, "Ƙaramin abu na, Malam." Ranar farko ya zare wani ɗan ƙarfe daga hanyar ruwa ya jefar, ya ce don ƙasar ƙanƙara aka yi shi. Duk lokacin da ya kwance wani abu ya mayar, sai noti biyu ko uku sun yi saura. In na nuna masa sai ya ce Bature ne da almubazzaranci, inda noti biyu zai riƙe sai ya sa biyar. Na riƙa tara su a gwangwanin madara. Kafin shekara biyu gwangwanin ya cika, na koma tunanin ko motar da ke gwangwani ta fi wadda nake hawa lafiya.

Ƙofar baya da igiya ake ɗaure ta. Gilashin gefena da sukuddireba ake tokare shi. Hon ya mutu, amma ban yi kewarsa ba, don salansa ta riga ta fashe, tun daga nesa awaki ke watsewa. Sai kik ya mutu, motar ta koma ba ta tashi sai da turi. Bayan shi kuloci ya bi sahu: in ta tsaya cak injin na aiki, giya ba ta shiga sai an kashe ta, in kuwa an kashe, sai wani turin. Ma'ana, wanda ya tura ba za a tsaya a ɗauke shi ba, sai dai ya bi ta da gudu ya faɗo ciki tana tafiya. Na san kowane gangare a Jega, don a kansu nake ajiye ta. Abokan aikina da a da suke rububin in rage musu hanya, suka koma in sun hango ni da makulli sai kowa ya tuna bai yi alwala ba.

Na ƙarshe shi ne lagireto, tankin ruwan da ke sanyaya inji, ya fara yoyo. Bakanike ya ce ba sai an yi walda ba, in zuba garin kuka cokali biyu a ruwan, yauƙin zai toshe hujin. Kowa a tasha haka yake yi, wasu ma barkono suke sawa. Na zuba, yoyo ya tsaya, na ƙara yarda cewa Bature bai san komai ba.

Ana cikin haka, wata safiya a tsakiyar zafin bazara, aka bugo wa matata waya cewa Inna ta zame a bakin rijiya, ƙafarta ta karye ƙasan gwiwa. Karaya a wajenmu ba ta da wata hanya sai ta Aliero, wurin masu ɗori. Matata tana jego, ba ta iya fita. Ta dube ni ta ce, "Malam, don Allah ka ɗauki shatar mota tasha."

Raina ya ɓaci. Ga ranar da nake jira ta zo, ita kuma tana maganar shata. Na ce mata mai mota ba ya shata. Da na tuna tafiyar da nisa, daga Jega zuwa ƙasar Maiyama, a dawo a wuce Aliero, sai na yi lissafi irin na mai ilimi: in cokali biyu ya riƙe cikin gari, doguwar hanya sai an ƙara. Na shiga madafa na kwashi kukar miyar sati guda na ɗura wa lagireto.

Na isa lafiya. An ɗaure ƙafar Inna da kara da tsumma, maza uku suka kwantar da ita a kujerar baya, ta ja mayafi ta rufe fuska don kada mu haɗa ido. Tsohon ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya ya dubi motar ya dubi matarsa, sannan ya shiga gaba ya zauna. Wallahi daɗin da na ji ko ranar da aka ɗauke ni aiki ban ji shi ba. Mazan suka tura, ta tashi bugu ɗaya.

Tsakanin ƙauyen da kwalta akwai hanyar burji da ta ratsa gonaki. Mun yi rabinta sai na ji ƙamshi. Ƙamshi ne da na sani sarai, daddawa kawai ya rasa. Allurar zafi ba ta aiki tun zamanin mahauci, don haka ba abin da ya gargaɗe ni. Sai tururi ya turnuƙe bonet, motar ta yi tari biyu ta mutu. Da na buɗe, koren ruwa mai kauri na tafasa yana dalala ta ko'ina, kuka ta toshe hujin ta kuma toshe duk sauran hanyoyin.

Tsohon ya leƙo ta taga ya shaƙa. Ya mayar da kansa ciki.

Na jira ta huce, na zazzage abin da zai zazzagu, na juye jarkar ruwan da nake yawo da ita. Saura turi. Na duba gabas na duba yamma, rana tsaka, ba kowa sai gonaki da aka girbe da wata tsamiya can gaba. Inna tana nishi ƙasa-ƙasa, tana ƙoƙarin kada in ji. Ni kaɗai na iya tuƙi, ita ba ƙafa, saura mutum ɗaya, kuma da in buɗe baki in ce surukina ya tura mini mota gara ƙasa ta tsage in shige. Na tsaya ina goge hannu da tsumma, hannun da ya riga ya bushe.

Sai na ji ƙofa ta buɗe. Tsohon ya fito, ya tuɓe babbar rigar ya ninke ya ɗora a kan wani kututture, ya ɗora hula a kai, ya cire takalma ya jera. Ya zagaya baya ya dafa but ɗin motar. Mutumin da ya haura saba'in, wanda ake tashi tsaye in ya shigo masallaci. Na shiga ina jin kunya kamar ta kashe ni. Ya tura, ƙarfin noma bai bar shi ba, na buga mata giya, ta yi tsalle ta kama.

A nan ne na tuna bai san dokar motar ba. Ta madubi na hango shi ya juya a hankali ya koma wurin kututture, yana karkaɗe riga. In na tsaya, sai ya sake turawa. In kuwa zan gaya masa, sai na leƙa ta taga na ƙwala, "Baba, rugo ka hwaɗo!" Tun da na auri 'yarsa ban ɗaga masa murya ba, ba ranar zan fara da ba shi umarnin gudu ba.

Na karya kan motar na zagaya tsamiyar, na dawo ta gabansa a giya ta ɗaya, na miƙa hannu na tura ƙofa ta buɗe. Yana sa hannun riga. Ya bi ni da kallo na wuce. Na sake zagayowa, yanzu ya sa hula ya sa takalma, ya tsaya cak a bakin hanya yadda dattijo ke tsayawa a jira mota ta tsaya masa. Ya gane, na ga ya gane, amma shi ma ba zai yi tsere da mota a gaban surukinsa ba. Na wuce shi karo na biyu, tururi ya fara tasowa kuma.

Sai Inna ta yi magana daga ƙarƙashin mayafi, da bayan kujera take yi.

"A hwaɗa ma mai mota, ƙahwa ta ka ciwo. Tsoho ya san hanyar Aliero."

Na miƙe hanya. A madubi na ga ya ɗaga hannu ɗaya, irin na sallamar baƙo.

Sau uku na ƙara ruwa a hanya, kowane a kan gangare. Mai ɗori ya ja ƙafar ya daidaita ya ɗaure, ya ce an zo da wuri. Bayan la'asar ina tsugune a ƙofar gidan sai ga wata a-kori-kura ta albasa ta tsaya, tsohon ya sauko daga kan buhuna, rigar Juma'a duk ɓawon albasa. Na rusuna har ƙasa. Ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," ya shige wurin matarsa. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Inna ta warke, ta koma gaida mutanen Jega ta bango. Na gyara kik, na gyara kuloci, na yi wa lagireto walda ta gaske, na canja bakanike, duk don wata rana in je in ɗauke shi in tsaya masa cak a inda ya so. Sau da yawa na aika cewa zan kai shi kasuwa ko gaisuwar mutuwa, kullum amsar ita ce ya gode, ya riga ya yi magana da mai babur.

Shekara huɗu bayan nan ciwo ya kwantar da shi. Matata ta tafi jinya, aka yanke shawarar a kawo shi asibiti Jega. Na wanke motar, na cika ta da mai, na tsaya a ƙofar gida makulli a hannu ina jiran waya. Ita ce ta sunkuya ta gaya masa cewa Malam na nan tafe da mota. Ta ce ya daɗe idonsa a rufe, har ta ɗauka bai ji ba. Sannan ya buɗe ido ya ce:

"Ku ce mai shi bari. Yau ban da ƙarhin turi."

A motar haya aka kawo shi. Kwana biyu ya yi a asibitin, rai ya yi halinsa.