Tsohuwar da Ke Zare Gilasai

Tun girgizar ƙasar nan rabin rumfunan kasuwar Pozzuoli a rufe suke, kuma ko babbar mota ce ta wuce sai gaban mutum ya faɗi. Ita kuwa tsohuwar tana zaune daram cikin baƙar riga, tabarau a kan hanci, 'yar wuƙa a hannu. Tsofaffin zane-zane masu firam da gilashi take sayarwa, bugun zamanin kakanni: ga ramin Solfatara, bakin dutse mai aman wuta, yana fitar da hayaƙi, ga marmaro mai tafasa da majinyata kewaye da shi, ga kare ya suma a bakin kogo saboda muguwar iska.

Ɗaya bayan ɗaya take kife su a cinya, ta ɓalle ƙusoshin baya, ta zare gilashin, ta rataye zanen haka nan. Ko ɗaya ba ta fasawa. Wataƙila gadon miji ne, don yadda take shafa gefen takarda ya wuce na ciniki.

Procolo mai kifi ya leƙo. "Donna Sisina, ɗanki fa ya zo da mota daga Milano zai tafi da ke! Kowa na ɗaure kaya, ke kina tuɓe wa hotuna riga?"

"Sarkin tsoro, faɗuwa ba ta yaga takarda, gilashi ke yanka ta. Ka ce masa ya tafi da gilasan, su ne ba sa jure garin nan."

Ƙasa ta ɗan motsa, zane-zanen suka yi lilo. Ta jira suka tsaya, sannan ta ɗauko na gaba.