Akushi a Buɗe

Shekara talatin Gwaggo Leimomi ta yi tana kirɓa gwaza don bikin ɗaliban jami'armu a Hawai. A al'adarmu, muddin akushin gwaza na buɗe, ba a musu, ba a ɗaga murya.

Bara, tana cikin zuba wa ɗalibai, Keahi shugaban kicin ya tsaya a kanta. "Gwaggo, ki huta haka. Daga baɗi na leda za mu riƙa saye."

Ta dubi akushin da ke buɗe, ta dube shi, ta haɗiye maganarta, ta ci gaba da zubawa.

Da baƙo ne, da na yi masa uzuri. Amma Keahi namu ne, gwazan hannunta ya ci ya girma. Ya san lokacin da ya zaɓa.