Alamar Kabarin Inna Lubabatu

Kawu Gwadabe maƙwabcinmu ne a Tarai. Gero da gyaɗa yake nomawa, da rani kuma ya kai rake kasuwar Kibiya a kan keke. Ba shi da yawan magana. Labarinsa a gutsure na ji shi, yana ɓarar gyaɗa a ƙofar gida.

Shi ya tsaya a gona, ƙaninsa Uzairu ya bi karatu: Rano, Kano, daga nan Jamus, inda yake binciken maganin zazzaɓin cizon sauro.

Lokacin da mahaifiyarsu, Inna Lubabatu, ta rasu, wayar salula ba ta daɗe da zuwa ba. Sai da Gwadabe ya je Rano kafin ya sami layi, bayan an riga an rufe ta. Uzairu ya ce, "Yaya, ka riƙe mini wurin. Zan zo in tsaya a kanta in yi addu'a."

A wajenmu ba a rubuta suna a kabari. In ruwa ya daki tudun kabarin shekara biyu, sai ya kwanta, ya yi kama da na kusa da shi. Saboda haka Gwadabe ya fasa tsohuwar tukunyar miyarta, ya kafa tsingaron a wajen kai. Duk bayan ruwa mai ƙarfi yakan je ya duba, ya miƙar da shi in ya karkace. Uzairu yana aiko saƙon gaisuwa da alheri, zuwan ne dai kullum sai baɗi.

Ran nan rediyo ya faɗi cewa an karrama wani ɗan Najeriya a Turai, aka ambaci sunan Uzairu, har da Tarai. Gari ya ɗauka. A teburin mai shayi, Ɗantsoho direba ya ce, "Gwadabe, ashe ƙwaƙwalwa ce a gidanku! Kai ina ka ajiye taka?"

"Tana gona," in ji shi.

Kansila ya sanar cewa manya za su zo daga Kano taya murna. Hanyar shigowa gari ta gefen maƙabarta take, don haka samari suka yi gayyar gyara hanyar da maƙabartar. Suka sare ciyawa, suka cike ramuka, suka kwashe duk wani tsingaro da gwangwani suka zubar a kwari. Aikin lada suka yi, ba wanda ya yi da mugunta.

Gwadabe yana gida ana gwada masa babbar rigar aro, bai sani ba. Baƙi suka zo, aka yi jawabi a kan 'ya'yanmu da ke ɗaga sunan ƙasa, aka ɗauke shi hoto. Sai da suka tafi ya bi ta maƙabarta. Ya tarar da wuri fes. Tudu uku a jere, kusa da bishiyar aduwa, duk iri ɗaya.

Ya ce mini bai ji komai a ransa ba. Ya tsaya ne kawai, rigar tana masa nauyi.

Da la'asar Uzairu ya bugo, murya cike da fara'a. Can ya ce, "Yaya, wurin Inna yana nan?"

"Tana cikin uku," in ji Gwadabe. "In ka zo, ka tsaya a tsakiya."

Ya ninke rigar ya mayar wa mai ita. Tun daga ranar, ko an yi ruwa, gona yake wucewa.